Babi na Biyar: Wuta Ta Shigo Ɗaki

Iskar da ke kaɗa zana a Basirka cikin watan Disamba baƙuwa ce, daga nesa ta taso. Tana gangarowa daga arewa maso gabas, ta kurɗa tsakanin duwatsun Tibesti da na Ennedi a arewacin Chadi, ta faɗa wani kwari da ake kira Bodele. Dubban shekaru da suka wuce wurin nan ƙasan ruwa ne, zamanin da Tafkin Chadi ya ninka girmansa na yau sau da yawa. Da ruwan ya janye sai ya bar wani farin gari mai laushi, ragowar ƙananan halittun ruwa da suka mutu suka kwanta. Shi iska ke kwasowa, kwana ɗaya ko biyu ya iso ƙasar Hausa. Masana na lissafa kwarin nan a matsayin wurin da ya fi ko'ina tayar da ƙura a duniya. Idan uwa a Gwaram ko Birnin Kudu ta shafa murfin kwano da safe ta ga yatsanta ya yi fari fat, ƙasar Chadi ta shafo.

Sanyin da iskar ke zuwa da shi, in ma'auni za a bi, bai taka kara ya karya ba. Da asubahin Disamba da Janairu yakan sauka zuwa digiri 12 ko 13, wani daren ya taɓa 10, rana na ɗagawa kuma ya haura kusa da 30. Mutumin Rasha zai yi mana dariya. To amma shi gidansa don sanyi aka gina shi, mu namu don zafi. Ɗakin azara na kakanninmu yana riƙe ɗumin rana har tsakar dare, jinka ma tana taɓukawa. Kwanon rufi kuwa, wanda kowa ke burin yi in ya sayar da riɗi, rana na faɗuwa yake sakin zafinsa, kafin asuba ɗaki ya koma kamar randa. Iska na shigowa ta ƙarƙashin ƙyaure da ta tsakanin bango da rufi. Bargo ɗaya, yara huɗu. Abin da ya rage wa mutanen gida shi ne wuta.

Wata tara na shekara wuta tana da mazauninta a gidan Bahaushe: madafi, ko wani lungu na tsakar gida da kowa ya san nata ne. Ana hura ta, a yi girki, a kashe. Cikin wata ukun hunturu sai ta bar mazaunin nan. Ta zo tsakiyar tsakar gida da sassafe, ta shiga zaure da almuru, da dare ta bi mutane har ɗaki cikin kasko. Kuma duk inda ta je a ƙasa take zama. Murhu a ƙasa, kasko a ƙasa, kurfoti a ƙasa, tukunyar ruwan zafi da ƙwaryar koko duk a ƙasa. Ɗan wata tara mai rarrafe da ɗan shekara biyu mai tatata su ma ƙasa ce duniyarsu. Babba yana ganin wuta a wajen ƙafarsa, yaro yana ganinta daidai fuskarsa. Mafi yawan abin da ke samun yara a gidajenmu lokacin ɗari daga nan yake fitowa.

A duba yadda safiya take a gida irin na Basirka. Tun kafin kiran assalatu uwa ta fito, ta karya karan dawa ta hura wuta. Ruwan alwalar maigida ne farko, sai na wanke wa 'yan makaranta fuska da ƙafa, sai na dama koko. Yara na jin ƙamshin hayaƙi suke fitowa ɗaya bayan ɗaya, su kewaye murhu su miƙa tafukan hannu, leɓe duk ya tsage, ƙafa ta yi furu-furu. Babbar cikinsu, 'yar shekara bakwai, tana goye da ƙaninta, tana tura kara cikin wuta da ƙafa don hannunta na cikin hijabi. Uwar tana tace gasara, ta ɗago kai ta ce, "Ke 'yar nan, ja da baya mana, ba kya ganin gefen hijabinki?" Ba za ta kama sunanta ba, 'yar fari ce. Yarinyar ta matsa taku ɗaya, uwa ta juya, ta dawo inda take.

Hijabin nan da rigar sanyin gwanjo da ke jikin ƙaninta yawanci zaren roba ne. Auduga tana ci da wuta ta zama toka, roba kuwa narkewa take ta manne a fata tana ci gaba da cin nama. Yaron da rigarsa ta kama gudu zai sa, gudu kuma fifita ne ga wuta. Abin yi shi ne a kayar da shi ƙasa, a lulluɓe shi da bargo mai kauri ko a mirgina shi, sannan a kwara ruwa. Wannan abu ne da ya kamata a koya wa ita kanta 'yar shekara bakwan, don sau da yawa ita kaɗai ce a wurin.

Sai dai harshen wuta bai kai ruwan zafi ɓarna ba. Tukunya na zaune kan duwatsu uku, ɗaya ya gota, ko akuya ta bi ta wurin a guje, ko yaro ya dafa baki zai miƙe. Akwai kuma wata ɗabi'a da kusan kowane gida ke yi ba tare da tunani ba: a juye tafasasshen ruwa a baho, sannan a tafi randa ɗebo na sirkawa. Tafiyar ba ta kai minti ɗaya ba. Mai rarrafe ya san baho, ya san a ciki ake masa wanka yana wasa da ruwa, don haka kai tsaye can zai nufa. Ruwan da ya kai digiri 60 kawai, wanda bai ma kusa tafasa ba, yana iya ƙona fatar babba har ciki cikin kamar sakan biyar, fatar jariri kuwa ta fi ta babba siranta nesa ba kusa ba. Da a ce ruwan sanyin ake fara zubawa, sannan a kawo na zafin a sirka, a gwada da gwiwar hannu, da an rage yaran da ake kaiwa asibiti da ƙunar ɗuwawu da cinya. Ko sisin kwabo ba a kashewa a wannan gyaran.

Gidan da aka yi haihuwa cikin sanyi ya fi kowane gida bukatar ido. Wankan jego safe da yamma ne, har kwana arba'in, kuma ruwansa ba na ƙaramar tukunya ba ne. Katuwar tukunya ce ko rabin duro, a tsakar gida, tana ɓararraka da ganyen darbejiya, a kwashe a bokiti a ratsa da shi ta cikin yara zuwa banɗaki. Tun a shekarun 1970 likitoci biyu a asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, Davidson da Parry, suka rubuta cewa ciwon zuciyar da ke kama mata bayan haihuwa ya yi yawa a yankin, suka danganta shi da yawan kunun kanwa da gasa jiki kan gadon ƙasa mai wuta. Wannan maganar uwa ce, tana da nata wurin. Wanda ba a cika tunawa da shi ba a gidan jego shi ne ɗan shekara biyun da aka yi wa ƙani. Jiya shi ne a baya, yau an sauke shi. Hankalin uwa na kan jariri, na kaka na kan mai jego, 'yan barka na shiga suna fita, shi kuma yana gararamba tsakanin ƙafafun mutane yana neman wanda zai kula shi. Gida cike da manya, amma ba wanda aka ce wa, "Wannan naki ne yau."

In ƙaddara ta faɗa, abin da aka yi cikin mintunan farko shi ke raba ƙaramin tabo da babban miki. A nan kuma gidajenmu suna da magunguna barkatai. Wata ta fasa ɗanyen ƙwai, wata ta kawo manja, wani ya ce man goge baki, wata ta ce gishiri ko ƙullin koko, a wasu ƙauyukan har kashin shanu da baƙin mai na inji. Kaka za ta ce, "Kada ku sa masa ruwa, tashi zai yi." Da ladabi za a ce mata, "Inna, a yi haƙuri, ruwan ne maganin." Zafin da ya shiga fata yana ci gaba da dafa nama ko bayan an janye yaro daga wuta, ruwan sanyi ne kaɗai ke fitar da shi. Ana kwarara shi kan wurin har minti 20 cikakku, da buta ko da moɗa in babu famfo, kuma ko an makara, yana da amfani har zuwa awa uku bayan ƙunar. Ba a sa ƙanƙara. Ana cire riga da awarwaro da guru kafin wuri ya kumbura, amma abin da ya manne a fata a bar wa ma'aikacin asibiti. Ba a fasa bororo. Tun da lokacin ɗari ne, wurin ƙunar kaɗai ake jiƙawa, sauran jikin a rufe shi da zane, don ƙaramin yaro yana saurin sandarewa. Duk abin da aka shafa kuwa, sai an kankare shi a asibiti kafin a ga zurfin ciwon, kuma duk wanda ya taɓa jin kukan yaro ana kankare masa man goge baki daga ɗanyen nama ba zai sake ba da shawarar a shafa ba.

Ma'aikatan lafiya suna auna faɗin ƙuna da tafin hannun mai ciwon: tafinsa haɗe da yatsu kusan kashi 1 ne cikin 100 na fatar jikinsa. Ƙunar da ta wuce tafin yaron, ko ta taɓa fuska, hannu, gaba ko gaɓa, ta fi ƙarfin gida, ta fi ƙarfin kemis. In ta kai tafi goma, ruwan jikinsa tsiyayewa yake ta wurin, yana bukatar ƙarin ruwa cikin gaggawa. Daga Basirka sai a nufi Gwaram, in abin ya yi tsanani a wuce Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu, wani lokacin har Kano, Asibitin Malam Aminu Kano ko na ƙashi da ke Dala. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ƙuna na kashe mutum kusan 180,000 a shekara, mafi yawansu a ƙasashe irin namu. Waɗanda suka rayu da yatsu a manne ko wuya a tanƙware ba sa cikin lissafin.

Da dare hatsarin sai ya sauya kama. Bayan lisha a kwashi garwashi a kasko, a kai ɗaki, a rufe ƙofa, a toshe taga da tsumma don kada ɗumin ya fita. An fi amincewa da gawayi saboda ba ya hayaƙi, kuma tun da aka janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu 2023 komai ya yi tsada, gidaje da yawa a garuruwa irin Birnin Kudu da suka saba da risho ko gas sun koma gawayi. Rashin hayaƙin nan shi ne yaudarar. Gawayin da ke ci a rufaffen ɗaki yana fitar da wata iska mai guba, kabon monoksaid, ba ta da launi, ba ta da wari, ba ta sa tari. Tana kama jini fiye da yadda iskar oksijin ke kama shi sau sama da 200, don haka jini sai ya yi ta zagayawa ba ya ɗauke da abin da ƙwaƙwalwa ke bukata. Farkonta ciwon kai da jiri da tashin zuciya, sai kasala, sai barci mai nauyi. Wanda ke barci dama ba zai ji farkon ba. Yara sun fi saurin numfashi, su take fara kayarwa.

Idan gari ya waye aka ga mutanen ɗaki ɗaya duk sun tashi da ciwon kai da amai, ko an kasa tayar da su, zargi kan tafi wurin tuwon dare, ko a ce iska ce ta shafe su, a kira malam. Ba laifi a yi addu'a, amma a fara buɗe ƙofa da taga, a fito da kowa fili, a nemi abin hawa. Janareton da aka jawo cikin soro ko kusa da taga saboda tsoron ɓarayi irin wannan gubar yake fitarwa. In dole sai an ɗumama ɗaki, a kai kaskon tun da wuri ƙofa a buɗe, a fitar da shi kafin a kwanta. Ɗumin da bango da shimfiɗa suka sha zai ɗan kai mutane wani wuri.

Ga gidan sauro da katifar soso, waɗanda in suka haɗu da kyandir ko maganin sauro na kunnawa ba sa jiran a ɗebo ruwa. Fitilar caji da ta sola sun yi wa yara alherin da ba a cika ambata ba, don sun kori aci-balbal da fitilar ƙwai daga ɗakuna da dama. Abin da bai kau ba shi ne kulle yara ta waje. Uwa za ta leƙa maƙwabta gaisuwa ko ta je kai gudummawar biki, yara sun yi barci, ta sa kwaɗo don kada su fito cikin sanyi. Niyyar kirki ce, amma kusan duk hunturu sai an ji labari a rediyo da ya fara da haka.

Waje ma ba a tsira ba. Sanyi yana zuwa ne bayan kaka, lokacin da gidan manomi ya fi kowane lokaci cika da busasshen abu: harawar wake da ta gyaɗa kan rufi da rassan bishiya, karan dawa a jingine da danga, zana sabuwa, rumbu cike. Danshin iska kan faɗi ƙasa da kashi 20 cikin 100 da rana, komai ya bushe ƙayau, tartsatsi ɗaya ya isa. Tokar da aka kwashe da safe aka zubar a juji sau da yawa da sauran rai a cikinta. Iska ta tone ta ta kai danga, ko yaro mara takalmi ya taka, tafin ƙafa ya saluɓe. Samari kuma na cinna wa ciyawa wuta a bayan gari suna farautar gafiya. Motar 'yan kwana-kwana, in ma an samu, kafin ta iso ƙauye an gama, abin da ke aiki shi ne bokitin maƙwabta da ƙasa. Yayyafa wa toka ruwa kafin a zubar, da nisanta harawa daga madafi, sun fi jiran jiniya.

Kaushi da faso da tsagewar leɓe, man kaɗanya ya ishe su. Haɓo ma mai sauƙi ne: yaro ya sunkuyar da kai gaba, a matse tattausan hancin minti goma, kada a ɗaga kansa sama jinin ya koma maƙogwaro. Man zafi da kafur da ake cusa wa jarirai a hanci don mura, a daina, suna iya toshe musu numfashi. Mai sikila sanyi na tayar masa da ciwo, a rufe shi da kyau, a yawaita ba shi ruwa ko bai nema ba.

Tari shi ne abin tsayawa. Cikin hunturu kowane yaro na tari, ƙura a waje, hayaƙi a ciki, jariri na goye a bayan mai girki yana shaƙar abin da take shaƙa. Saboda kowa na yi, sai a daina ji. A cikin wannan tarin na kowa ne limoniya ke ɓuya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce hayaƙin girki da ɗumama gida ya yi sanadin mutuwar mutum kusan miliyan 3.2 a shekarar 2020, cikinsu akwai yara 'yan ƙasa da shekara biyar sama da 237,000. Jihar Jigawa na cikin wuraren da ciwon limoniya ya fi addaba, shi ya sa ƙungiyar Save the Children ta zaɓi ƙaramar hukumar Kiyawa ta yi aikin yaƙi da shi. Hanyar gane shi a gida ba ta bukatar na'ura, agogon waya ya isa. A ɗage rigar yaro yana kwance shiru, a ƙirga numfashinsa na minti ɗaya. Jaririn da bai kai wata biyu ba, 60 ko fiye ya yi yawa. Daga wata biyu zuwa shekara ɗaya, 50. Daga shekara ɗaya zuwa biyar, 40. In kuma ƙasan haƙarƙarinsa na lotsawa ciki duk sanda ya ja numfashi, ko ya ƙi mama, ko ya yi laushi, ba a kwana da shi a gida. Allurar rigakafin limoniya ta shiga jerin alluran yara a Najeriya tun ƙarshen 2014, kyauta ce, tare da sauran ake yin ta.

Duk lokacin da yaro ya ƙone, kalmar da ke fara fita daga bakin mutane ita ce sakaci, kuma an san wadda ake nufi. Ban yarda da wannan hukuncin ba. Watannin sanyi su ne watannin cin rani. An gama girbi, maza da yawa daga ƙauyukan Gwaram sun tafi Kano, Abuja, Legas ko Fatakwal neman na cefane. An bar mace da yara biyar, da wuta uku, da hannu biyu. Ko ido goma gare ta sai ta juya baya ɗebo ruwa. Abin da ke kare yaro shi ne abin da zai tsaya tsakaninsa da wuta lokacin da uwarsa ta juya, kuma yawancin irin wannan aikin na maza ne. Ɗan dakali na ƙasa da zai ɗaga murhu ya wuce ƙugun yaro, ko gajeriyar katanga da za ta kewaye shi, aikin yini ɗaya ne ga mutumin da ke yaɓen ɗakinsa da kansa. Murhun laka mai rufaffen ciki yana riƙe tukunya daram, ga shi ba ya cin itace. Bargo na biyu ya fi kaskon dare araha in aka haɗa da kuɗin asibiti. Kalanzir da fetur da ake ajiyewa a gorar lemo a bayan ƙyaure, a rataye su sama, don yaro mai ƙishi ba ya karanta kwalba, kuma in ya sha kada a ɗura masa manja don ya yi amai, aman ne ke kai man cikin huhu. Maigidan da zai tafi cin rani ya bar wa iyalinsa lambar mai babur ko mai mota da ya riga ya yi magana da shi, don ƙarfe biyun dare ba lokacin neman alfarma ba ne ga matar da ba ta saba fita ba.

Wajen tsakiyar Fabrairu dare ya fara sassautawa, kasko ya koma lungu, yara su daina kewaye murhu. Ƙurar dai ba ta tafi ba, sai ma ta haɗu da zafi, hanci da maƙogwaro sun sha bushewar wata uku. A wannan gaɓar ce sanƙarau ke shigowa. Jigawa na tsakiyar zirin ƙasashen da ya saba bi, daga Senegal zuwa Habasha, kuma manya ba su manta da 1996 ba, shekarar da ya kama sama da mutum 100,000 a Najeriya ya kashe fiye da 11,000. A 2024, bayan ya sake ɓulla a Jigawa da Bauchi da Yobe, Najeriya ta zama ƙasa ta farko a duniya da ta fara amfani da sabuwar allurar da ke kare mutum daga nau'i biyar na ƙwayar cutar. Yadda ake gane shi a jikin jaririn da bai iya cewa wuyansa na ciwo ba, shi za mu ɗauka a babi na gaba.